Booker T. Washington: Bawan Da Ya Gina Makaranta Da Hannun Ɗalibansa

Yanzu duk inda ka juya, maganar ita ce yadda za a koya wa yara fasaha tare da kimiyya da aikin injiniya. Ni malamin makaranta ne, kuma in aka taso da zancen nan, mutum ɗaya ke faɗo mini a rai: Booker T. Washington. Rayuwarsa ta nuna amfanin wannan hanya, ta kuma nuna haɗarinta.

An haife shi cikin bauta a jihar Bajiniya ta Amurka a 1856. Yana ɗan shekara tara aka 'yanta bayi, sai iyalinsu suka koma Malden, inda ya yi aiki a masana'antar gishiri da ramin haƙar kwal. A 1872 ya kama hanyar makarantar Hampton, tafiyar kusan kilomita 800, wani wurin ma a ƙasa. Da ya isa, jarabawar da aka yi masa ita ce ya share wani aji. Ya share ya goge har malamar ta rasa ƙura, aka ɗauke shi. Ya gama a 1875.

A 1881 aka ba shi riƙon sabuwar makarantar horon malamai baƙar fata a Tuskegee, jihar Alabama. Gwamnatin jiha ta ware dala 2,000 a shekara don albashi kawai, ba fili, ba gini. Ya fara da ɗalibai 30 a wata tsohuwar rumfa da coci. Daga baya ya ci bashi ya sayi wata gona da aka yi watsi da ita, ya sa ɗaliban su gina makarantarsu da kansu. Sau uku suna gasa tubali yana lalacewa, kuɗi suka ƙare, ya jinginar da agogonsa a kan dala 15. A karo na huɗu aka dace.

To, abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya haɗa aji da wurin aiki. Lissafin da yaro zai yi a allo daga awon katako ko gona ake ɗauko shi, rubutun insha'i ma a kan aikin da ya yi da hannunsa ne. Bai tsaya ga masu sana'a kaɗai ba. Ya ɗauko Robert Taylor, baƙar fata na farko da ya gama jami'ar fasaha ta MIT, ya zana gine-gine yana koyarwa. A 1896 ya kawo masanin noma George Washington Carver, kuma a 1906 makarantar ta fara kai darasi har gonakin talakawa a keken doki.

Amma fa bai tsira daga suka ba. A jawabinsa na Atlanta a 1895 ya nemi baƙar fata su ba sana'a fifiko, su yi haƙuri da neman daidaito da Turawa. A 1903 W. E. B. Du Bois ya ƙalubalance shi, yana ganin hakan zai bar baƙar fata a matsayin ma'aikata har abada. Tsoron nan ba na banza ba ne. A 1901 Jamusawa sun kawo mutanen Tuskegee Togo don a noma wa masaƙunsu auduga. A 1920 kuma kwamitin Phelps-Stokes, wanda James Aggrey na Gana yake ciki, ya zaga Afirka yana yaba irin wannan ilimi, 'yan Afirka da yawa kuwa suka ɗauke shi a matsayin dabarar hana su zurfin karatu.

Washington ya rasu ranar 14 ga Nuwamba, 1915, ya bar ɗalibai kusan 1,500 da gine-gine sama da ɗari. Yau Tuskegee jami'a ce mai yaye injiniyoyi.

A ganina, har yanzu ba mu fita daga gardamar mutanen nan biyu ba. A zangonanmu, yaron da ya faɗi jarabawa shi ake turawa koyon kanikanci, mai ƙoƙari kuma ya haddace dokokin lantarki bai taɓa haɗa waya ba. Ka je Suame a Kumasi, za ka ga matasa masu kwance inji su ɗaura, amma ba wanda ya koya musu lissafin da ke cikinsa. Duka biyun an cuce su. Jibge kwamfutoci a aji ba zai gyara wannan ba. Gyaran shi ne kowane yaro, mace da namiji, ya ƙera abu da hannunsa a darasin kimiyya, wanda ya shiga makarantar sana'a kuma a bar masa ƙofar jami'a a buɗe. Iyaye, in kun je taron makaranta, ku tambayi abin da 'ya'yanku suka ƙera a bana.