Louis Moinet: Maƙerin Agogon Da Duniya Ta Manta

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani Bafaranshe mai suna Louis Moinet, wanda ya ƙera agogon auna gudu na farko, amma aka yi kusan shekara 200 ana ba wani mutum daban wannan matsayi.

An haife shi a garin Bourges na ƙasar Faransa a shekarar 1768, a gidan manoma masu hali. Tun yana makaranta abu biyu ne suka ɗauke masa hankali, zane da agogo. In an tashi daga karatu sai ya tafi wurin wani maƙerin agogo ya zauna yana kallon yadda ake aiki. Da ya kai shekara 20 sai ya tafi birnin Rum na Italiya, ya yi shekara 5 yana koyon zanen gini da sassaƙa da zanen hoto. Bayan ya dawo gida aka ba shi aikin koyar da zane a Louvre da ke birnin Faris.

Duk da haka agogo ne ya ci galaba a zuciyarsa. Ya riƙa zuwa ƙasar Siwizalan yana ƙara ilimi wurin masu sana'ar, kuma ya yi abota da shahararren maƙerin agogo Abraham-Louis Breguet, suka yi aiki tare har Breguet ya rasu a 1823. Cikin waɗanda Moinet ya yi wa agogo har da Napoleon.

Moinet yana son kallon taurari da madubin hangen nesa, yana auna lokacin da tauraro ke ɗauka kafin ya ƙetare wani layi a cikin madubin. Matsalar ita ce agogon wancan zamani ba ya iya raba daƙiƙa ɗaya zuwa ƙananan kashi yadda yake so. Sai ya zauna ya ƙera nasa. Ya fara a 1815, ya gama a 1816.

Agogo ne na aljihu, ba batir a cikinsa, wani ake yi masa da hannu. Yana da madanni biyu, ɗaya na tayarwa da tsayarwa, ɗaya na mayar da allurai kan sifili. Wato kamar dai agogon da malamin wasanni yake riƙewa ranar tseren gidaje. Abin mamaki shi ne saurinsa. Injinsa yana bugawa sau 216,000 a awa ɗaya. Mun yi lissafin a allo: idan aka raba da 3,600, ya zama bugu 60 a kowace daƙiƙa. Yawancin agogon wani na yau bugu 8 kawai suke yi a daƙiƙa. Ko injin El Primero na kamfanin Zenith, wanda ya fito a 1969 aka yi ta yabon saurinsa, bugu 10 yake yi. Ku tuna fa, a lokacin Moinet ko fitilar lantarki babu a shagon maƙeri.

To me ya sa aka manta da shi? A 1821 wani maƙerin agogon Sarkin Faransa Louis na 18, mai suna Nicolas Rieussec, ya kai wata na'ura filin sukuwar dawaki a Faris. Da doki ya iso sai a danna, allura ta ɗiga tawada a fuskar agogon. Shi ya sa aka kira ta kuronogiraf, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin rubuta lokaci. Jama'a sun gani da idonsu, kuma a 1822 gwamnati ta ba shi takardar shaidar cewa ƙirarsa ce. Shi kuwa Moinet don aikin kansa ya yi nasa, da dare, ba taron mutane. Saboda haka littattafai suka yi ta rubuta sunan Rieussec.

Sai a 2012 agogon Moinet ya fito a wani gwanjo na kamfanin Christie's a birnin Janiba. A nan ne aikin masu tara tsofaffin agogo ya yi amfani. Su ba sa yarda da sunan da ke fuskar agogo kawai, domin ana iya canza fuska. Buɗe bayansa suke yi, su sa tabarau mai ƙara girma, su duba siffar injin da ƙananan hatimai da lambobin da aka buga a jikin ƙarfen. Ta haka suke gane injin Valjoux ne ko Lemania, da kuma zamanin da aka yi shi. Haka masana suka yi wa wannan agogo, hatiman da ke jikin murfinsa suka nuna shekarun da aka ƙera shi. A 2013 aka sanar da duniya cewa ya riga na Rieussec da shekara 5.

A ganinmu Rieussec bai yi wa kowa sata ba, domin nasa ne yake rubutu da tawada, kuma sunan ya dace da shi. Amma wanda ya fi kama da agogon tseren da muke gani yau, na Moinet ne.

Ya shafe shekara 20 yana rubuta littafi mai juzu'i biyu kan sana'ar agogo, da zane-zanen da ya yi da hannunsa, aka buga shi a 1848. Ya kuma shugabanci ƙungiyar masana agogo ta Faris. Ya rasu a Faris a 1853 yana da shekara fiye da 80. Agogon nasa yanzu yana ƙasar Siwizalan, a hannun kamfanin da ke ɗauke da sunansa.