Georg Ohm, ɗan maƙerin da ya auna turjiyar waya

Duk wanda ya juya cajar salularsa zai ga ƙananan lambobi tare da harafin V da A, wani lokaci har da W. Lissafin da ya haɗa V da A wani malamin makarantar sakandare ne a Jamus ya fito da shi, kusan shekara 200 da suka wuce, kuma ya daɗe kafin ƴan ƙasarsa su yarda cewa ya yi abin kirki.

An haifi Georg Simon Ohm ranar 16 ga Maris 1789 a garin Erlangen. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makulli ne, bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya koya wa kansa lissafi daga littattafai, ya kuma zaunar da ƴaƴansa a gida ya koya musu. Cikin ƴaƴa 7, uku ne suka rayu. Mahaifiyar ta rasu Georg yana da shekara 10. Ƙanensa Martin ma ya zama shehin malamin lissafi a Balin.

Da ya shiga jami'a a 1805, Georg ya fi mayar da hankali ga rawa da wasan biliya da zamiya a kan ƙanƙara. Uban da ke biyan kuɗi da guminsa bai ɗauki wannan ba. Bayan zango uku ya tura shi Suwizalan, inda ya fara koyar da yara lissafi a 1806. Can ya yi hankali. Ya dawo ya karɓi digirin dokta a 1811, sai dai albashin jami'a bai isa ci ba, ya koma koyarwa a makarantu. A 1817 ya samu aiki a wata makaranta a Kolon wadda ke da ɗakin gwaji mai kaya.

Tambayar da ta dame shi ita ce: in aka ƙara tsawon waya, yaya wutar da ke bi ta cikinta take raguwa? Baturan wancan zamani ba su da tabbas, ƙarfinsu na sauka ana cikin awo, har amsar farko da ya buga a 1825 ta fito ba daidai ba. Sai ya sake dabara. Ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe da ake kira bismut, ya tsoma mahaɗi ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. Bambancin zafin ya ba shi wuta kaɗan, amma wadda ba ta rawa. Ya jera wayoyin jan ƙarfe 8 masu kauri ɗaya, tsawo daban daban, yana duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata da kowace. Aikin hannun da ya gani a maƙerar ubansa ya yi masa rana a nan.

Abin da ya gano ya fito a littafinsa na 1827. Kamar ruwa ne a tiyo: akwai matsin da ke tura wuta, shi ake aunawa da bolt; akwai yawan wutar da ke gudana, ita ce amfer; akwai kuma turjiyar da waya ko na'ura ke yi. In ka raba bolt da amfer, ka samu turjiya. Dutsen guga da ke jan amfer 5 a wutar gida mai bolt 220, turjiyarsa 44 ce. Waya in ta ƙara tsawo turjiyarta ƙaruwa take, in ta ƙara kauri ta ragu.

Ƙarfin da na'ura ke sha kuwa, ninkawa ake yi: bolt sau amfer ya ba da wat. Dutsen gugar nan wat 1,100 ke nan, cajar da ke ba da bolt 5 da amfer 2 kuma wat 10. Sunan wat daga James Watt ya fito, kuma Baturen Ingila James Joule ne ya nuna yadda turjiya ke mayar da wuta zafi, amma a kan dokar Ohm ake yin lissafin. Masu sola su ne ya kamata su fi riƙe shi. Fanka mai wat 60 a bolt 220 ba ta jan ko sulusin amfer, amma a batir mai bolt 12 amfer 5 za ta ja. Siririyar wayar da ta isa a can, a nan ɗumi za ta riƙa yi tana cinye wutar a hanya.

Manyan malaman Jamus ba su yi maraba da littafin ba. Da yawansu ba su saba ganin an cika ilimin lantarki da lissafi haka ba, kuma ga alama zaman marubucin malamin sakandare bai taimaka ba. Ohm ya yi tsammanin kujerar jami'a, bai samu ba. Cikin ɓacin rai ya ajiye aikinsa na Kolon a 1828, ya zauna a Balin yana ƴar koyarwa a makarantar soja da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 1833 ya samu gurbi a kwalejin fasaha ta Nurambag.

Daga waje girma ya fara zuwa. Masu bincike a Faransa da Ingila sun gwada sun ga maganarsa ta tsaya, kuma a 1841 ƙungiyar Royal Society ta Landan ta ba shi lambar Copley, mafi girma da take bayarwa. Aka kira shi Munik a 1849, ya hau kujerar farfesa da ya yi shekaru yana nema a 1852, yana da shekara 63. Shekara biyu ya yi a kanta. Ya rasu ranar 6 ga Yuli 1854, bai taɓa aure ba.

A 1881 taron masana lantarki na duniya a Faris ya tabbatar da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya. Alamarsa ita ce Ω, wadda ke jikin mitar gwaji ta kowane mai gyaran salula da rediyo.