Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Ɗan hijirar da ya gina wa marasa matsuguni garuruwa

A 'yan shekarun nan, hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban mutanen ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da gidajensu. Wasu sun fake a azuzuwan makarantu, wasu a kangwaye da zaurukan 'yan uwa a Funtuwa da Katsina. Tambayar inda za a tsugunar da wanda rikici ya kora ba sabuwa ba ce a wannan ƙasa. Fiye da shekara 200 da suka wuce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fuskance ta, kuma da kansa ya ɗanɗani zafin rashin muhalli kafin ya hau mulki.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Ya tashi a gaban mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi karatu a wurinsa da wurin ƙanen mahaifin, Malam Abdullahi. Yana ɗan shekara 20 da 'yan kai dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, musamman bayan farmakin da aka kai wa mutanen Abdussalami a Gimbana. A watan Fabrairun 1804 jama'a ta bar Degel ta yi hijira zuwa Gudu, da mata da yara da tsofaffi da littattafai.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. An yi nasara a Tafkin Kwatto a tsakiyar 1804, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi babbar asarar malamai da mahaddata a Tsuntsuwa. Yunwa da cuta suka bi jama'a daga sansani zuwa sansani, har zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan Gwandu. Bello na cikin jagororin da nauyin ciyar da wannan taro da tsare shi ya hau kansu. A wannan zamani ne ya zo 'Yandoto, wadda ba ta da nisa da Faskari ta yau, ya kuma ƙulla alaƙa da Malam Ummarun Dallaje, wanda ya zama Sarkin Katsina na farko a ƙarƙashin daular.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, abin da Bello ya fara sa wa gaba shi ne mazauni. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ya kewaye shi da ganuwa, mutanen da suka shekara biyar suna yawo suka sami wurin kafa gida. Shehu ya taso daga Sifawa ya koma can a 1815. Da Allah Ya yi masa rasuwa a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a.

Mulkinsa ya fara ne da tawaye a sassa da dama, ga hare-haren Gobirawa da Kabawa a bakin iyaka. Ƙauyuka marasa ganuwa su ne suka fi shan wuya. Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin daga, wanda ake zuba wa mayaƙa da malamai da manoma da masu sana'a. Wurno da Gandi da Lajinge da Shinaka suna cikin irin waɗannan garuruwa, kuma ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kan wasu daga cikinsu. Shi kansa ya mayar da Wurno mazauninsa. Wanda ya zauna a ribaɗi yana samun filin gida da gona, ga masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa. Haka kuma ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su haɗa kiwo da noma, 'ya'yansu su yi karatu.

Wannan tunani ya bayyana a rubuce cikin Usulus Siyasa, nasihar da ya aika wa Ummarun Dallaje. A ciki ya nuna cewa haƙƙi ne a kan shugaba ya raya birane da ƙauyuka, ya gina ganuwa, ya gyara hanyoyi da kasuwanni, ya sa a yi tanadin abinci, ya kuma tabbatar kowane gari yana da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani. A ganinsa, mutum ba ya zama cikakken mazauni sai yana da tsaro da abin yi. Ƙasar da aka rubuta wa wannan nasiha ita ce wadda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke cikinta a yau.

Sai dai tarihi yana da fuska biyu. Yaƙe-yaƙen da Bello ya jagoranta su ma sun raba wasu da gidajensu. Gidan sarautar Katsina na dā ya yi gudun hijira zuwa arewa, ya ratsa Damagaram kafin ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuwa sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kuma ba kowa ne ya shiga ribaɗi da son ransa ba, domin cikin mazauna akwai bayi da waɗanda aka kamo a yaƙi. Maraɗin nan da 'yan gudun hijira suka raya ita ce tun 2019 take karɓar dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, inda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kusa da mutanen gari, nesa da iyaka.

Duk da yawan yaƙi, Bello bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai masu yawa kan fiƙihu da mulki da magani, kuma Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, yana cikin manyan madogaran tarihin jihadi. Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya ziyarce shi a 1824, ya sake dawowa a 1826, ya mutu a kusa da Sakkwato a 1827.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, bayan shekara 20 yana mulki, ɗan uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. An binne shi a cikin ribaɗin da ya gina, kuma har yau jama'a na ziyartar hubbarensa. Wurno kuwa tana nan a raye, hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, mutanenta na noman shinkafa da albasa a fadamar Rima.