Irving Langmuir, Bature Mai Auna Wutar Filasma

Ko kuna Legas ko Ibadan ko Fatakwal, wanda duk ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare ya kamo tashar gida a gajeren zango, to ya ci moriyar wani abu da ake kira filasma. Can sama akwai shimfiɗarta, ita ce ke maido da muryar rediyo ƙasa. Mutumin da ya raɗa mata wannan suna, ya kuma ƙago hanyar auna ta, shi ne Irving Langmuir.

An haife shi ran 31 ga Janairu, 1881, a Brooklyn cikin birnin Niyok ta Amurka. Ya gama karatun injiniyan ƙarafa a Jami'ar Columbia cikin 1903, sa'an nan ya haye Jamus, ya sami digirin dakta a Jami'ar Göttingen cikin 1906. Da ya komo gida sai ya kama aikin koyarwa, amma aji bai bar masa sararin bincike ba. Saboda haka cikin 1909 ya shiga ɗakin bincike na kamfanin General Electric a garin Schenectady, bai bar wurin ba sai 1950.

Aikinsa na farko kan ƙwan lantarki ne. A lokacin ana zuƙe iskar cikin ƙwan, amma ba ya daɗewa sai gilashin ya yi baƙi, domin zaren ƙarfen da ke ciki yana ƙarewa da kaɗan kaɗan. Cikin 1913 Langmuir ya gano cewa in aka nannaɗe zaren, aka kuma ɗura iskar da ba ta cin wuta, ƙwan zai fi haske da ƙarko. Kamfani ya ci riba, masu saye suka huta.

Daga nan hankalinsa ya koma kan iskar da ke haske cikin kwalba in an bi ta da lantarki. Ita iska in ta sha zafi ko wuta ƙwarai, ƙwayoyin zarrarta sukan rabu biyu: ƙanana masu cajin ragi, wato ilektoron, da manya masu cajin ƙari. Wannan gauraye shi ne ya kira filasma cikin 1928. Walƙiya filasma ce, haka rana, haka abin da ke cikin doguwar fitilar nan ta kantuna.

To, matsalar ita ce yaya za a san ƙarfin lantarkin da ke cikinta? Shi wannan ƙarfi kamar tsayin tankin ruwa ne, iyakar tsayinsa iyakar turin da ruwan zai yi cikin famfo. Sai dai in ka cusa waya cikin filasma don ka auna, ƙananan ƙwayoyin nan su ne za su fara taruwa a kanta, gama sun fi sauri nesa ba kusa ba. A iskar haidurojin babbar ƙwaya ta fi ƙaramar nauyi sau 1,836. Sai wayar ta ɗauki cajin ragi, wani siririn kube ya kewaye ta, ma'auni ya nuna abin da bai kai gaskiya ba.

Cikin 1924 Langmuir da abokin aikinsa Harold Mott-Smith suka fito da dabara. Maimakon a bar wayar haka, sai a ba ta ƙarfin lantarki daga waje, ana ƙarawa sannu sannu, ana rubuta yawan wutar da ke bi ta cikinta. Da farko tana korar ƙananan ƙwayoyi. Can za a kai inda wuta ba ta gudu ko kaɗan, domin shigar ɓangarorin biyu ta zo daidai. In aka ci gaba, wuta za ta yi ta hawa har ta kai wata gwiwa inda hawan zai lafa. A nan ne ƙarfin wayar ya yi daidai da na filasma. Daga wannan zane ake fitar da zafin ƙwayoyin da kuma yawansu. Sun buga cikakken lissafin cikin 1926, kuma har yau da sunan Langmuir ake kiran wannan tsinke.

Cikin 1932 aka ba shi lambar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai, saboda bincikensa kan abin da ke faruwa a fuskar ruwa da ta ƙarfe.

Amma gwani ma yakan gamu da gardama. Daga 1946 shi da Vincent Schaefer suka shiga zuba busasshiyar ƙanƙara cikin gajimare don a sami ruwa. Cikin Oktoba 1947 aka gwada haka kan wata guguwar teku, sai ta juya ta faɗa wa jihar Georgia, mutane suka ɗora musu laifi. Daga baya masana yanayi suka nuna guguwar ta riga ta fara juyawa kafin a taɓa ta. Langmuir ya tsaya kan cewa dabararsa tana sauya yanayi sosai, masana da yawa kuwa ba su yarda hujjarsa ta isa ba.

Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1957, a Woods Hole, yana da shekara 76. Tsinkensa kuwa yana nan yana aiki a masana'antun da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu, da ɗakunan da ake neman samar da lantarki irin yadda rana ke yi. Kumbon Rosetta da Turai ta harba cikin 2004 ya tafi da guda biyu, ya auna filasmar wani tauraro mai wutsiya da ya riska cikin 2014.