Thomas Burberry, Mai Shagon Da Sunansa Ya Shigo Dilar Gwanjo

Duk wanda ya tsinci jaket mai tambarin Burberry a gwanjo, a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, sunan wani Bature ne ya saya. An haifi Thomas Burberry a Ingila a 1835. Yaron shagon yadi ne, ya buɗe nasa a Basingstoke a 1856, yana ɗan shekara 21. Ba 'yan gayu ya nufa ba, mutanen da ruwan sama ke duka a waje ya yi wa ɗinki. A 1879 ya ƙirƙiro yadin gabardine mai tare ruwa, wanda hafsoshin Birtaniya suka sa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya mutu a 1926. Jabun kayansa fa ya cika kasuwa, a taɓa yadin, a duba ɗinkin kafin a biya.