Dennis Ritchie, mahaifin yaren C da ɗaliban kwamfuta ke fama da shi har yau

Duk ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja da yaren C yakan yi tuntuɓe a wuri biyu: sarrafa jerin haruffa, da aron gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dukansu gado ne daga Dennis Ritchie.

An haifi Ritchie ranar 9 ga Satumba 1941 a Bronxville, jihar New York ta Amurka. Ya yi karatun kimiyyar fiziks da lissafi a jami'ar Harvard, sannan a 1967 ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, inda mahaifinsa ma ya yi aiki. A nan ne shi da abokinsa Ken Thompson suka gina tsarin Unix, kuma a wajajen 1972 ya ƙirƙiro yaren C.

Kwamfutocin wancan zamani ƙwaƙwalwarsu ƴar ƙarama ce, don haka Ritchie ya tsara yaren cikin tsimi. A C, kalma haruffa ne a jere, sifili ne ke nuna ƙarshenta. Idan mai rubutu ya manta da sifilin, kwamfuta za ta ci gaba da karatu har ta shiga gonar da ba tata ba. Haka kuma wanda ya ari gurbi da umarnin malloc, shi zai mayar da shi da free. In bai mayar ba, ƙwaƙwalwar ta riƙa cika har manhajar ta tsaya.

Wannan ƴanci ya ba C sauri, amma ya zo da haɗari. A 1988, wata muguwar manhaja da ake kira tsutsar Morris ta kutsa dubban kwamfutoci, kuma ɗaya daga cikin ƙofofinta ita ce cusa rubutu fiye da gurbin da aka tanada.

A 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka wallafa littafin koyar da C, wanda ɗalibai suka daɗe suna dogaro da shi. Shi da Thompson sun samu lambar yabo ta Turing a 1983.

Ya rasu a Oktoban 2011 yana da shekara 70, mako guda bayan Steve Jobs, labarinsa bai yi amo sosai ba. Amma zuciyar tsarin Linux, wadda wayoyin Android ke tafiya a kanta, da yarensa aka rubuta ta.