Waziri Giɗaɗo Ɗan Laima: Mutumin Da Ya Iya Zama Na Biyu

Duk lokacin da aka tayar da zancen Daular Sakkwato, sunaye uku ne ke fara zuwa bakin jama'a: Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Ni kuwa yau ina son in ja hankalin mai karatu zuwa ga wani bawan Allah da ya tsaya a bayansu, wato Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, domin a ganina rayuwarsa ta ƙunshi darasin da ma'aikatanmu suka fi buƙata, darasin yadda ake aiki da mutane.

An haifi Giɗaɗo wajajen shekarar 1776, sunansa na yanka Usmanu. Ya tashi cikin jama'ar Shehu, ya shaƙu da Muhammadu Bello tun suna samari, ko da yake ya girme shi da 'yan shekaru. Tare suka sha wahalar shekarun da suka biyo bayan hijira zuwa Gudu a 1804, kuma ya auri Nana Asma'u 'yar Shehu. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai Giɗaɗo ya zama wazirinsa, ya riƙe wannan muƙami har 1842.

Hali na farko da na gani gare shi shi ne yarda da matsayinsa. Mutum ne mai ilimi, surukin Shehu, aminin Sarkin Musulmi, amma shekara ashirin ya yi yana ɗaukar aikin da yabonsa ke komawa ga wani. Aikin waziri a wancan zamani ya haɗa da rubuta wasiƙu, da karɓar baƙi, da bin hanya a kan doki zuwa masarautun gabas kamar Kano da Zazzau domin sasanta rigingimu da isar da umarni. Irin wannan aiki ba a buga masa tambari, amma in babu shi daula mai faɗin tafiyar watanni ba ta zama dunƙule ɗaya. Lokacin da Shehu Al-Kanemi na Borno ya doso ƙasar Kano da yaƙi tsakanin 1826 da 1827, Giɗaɗo ne Bello ya tura can. Wanda ya tare rundunar Borno a fagen daga kuwa Sarkin Bauchi Yakubu ne, kuma sunansa tarihi ya fi ambata. Kowa ya yi nasa, aiki ya yi kyau.

Na biyu shi ne riƙon amana tare da kyakkyawar mu'amala. Bature Hugh Clapperton ya zo Sakkwato sau biyu, a 1824 da 1826, kuma Giɗaɗo ne ya kula da masaukinsa da ganawarsa da Bello. Baƙon ya yaba masa ƙwarai a littafin tafiyarsa, har ya ambaci masallacin da ya tarar waziri yana ginawa a birnin. A zuwa na biyu al'amura sun dagule, saboda Clapperton yana ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa Borno alhali ana yaƙi da ita, Bello kuwa ya hana su wucewa. Giɗaɗo bai saɓa wa hukuncin maigidansa don faranta wa baƙo rai ba, bai kuma mai da baƙon abin wulaƙanci ba. Ma'aikata nawa ne a yau za su iya isar da hukunci mai ɗaci ba tare da sun zagi shugaba a bayan idonsa, ko sun ci zarafin wanda hukuncin ya shafa ba?

Na uku, kuma shi ne mafi wuya, shi ne fifita aiki a kan jin daɗin rai. Bello ya rasu a Wurno a 1837, Giɗaɗo na kan gaba cikin waɗanda suka tsayar da magaji, aka naɗa Abubakar Atiku. Masana tarihi sun nuna cewa shaƙuwar da ke tsakaninsa da Bello ba ta samu tsakaninsa da Atiku ba. Duk da haka bai kafa ɓangare ba, bai yi zagon ƙasa ba. Ya ja jikinsa, ya mai da hankali ga rubutu. Daga alƙalaminsa muka sami Raudul Jinan a kan Shehu, da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Abin lura, littattafan nan labarin abokan aikinsa ne, ya adana shi domin na baya. Da Aliyu Babba ya hau a 1842, sai tsohon waziri ya sauka, ɗansa Abdulƙadir ya karɓa. Ya rasu wajajen 1850, Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarsa yake.

To, mu dubi ofisoshinmu. Akwai ma'aikacin da ke kulle fayil a aljihun tebur don kada aiki ya tafi in ba ya nan. Akwai mataimakin da ke jiran maigidansa ya yi tuntuɓe. Akwai wanda da an canja masa shugaba sai ya koma zaman gulma a gindin bishiya, da wanda zai yi ritaya bai bar wa magajinsa ko takarda ɗaya ta bayanin aiki ba. Sakamakon yana kan majinyacin da ke jiran layi a asibiti, da ɗan fanshon da takardunsa suka ɓace, da ɗalibin da sakamakonsa ya maƙale. Muna yawan kukan rashin shugabanni nagari, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shugaba nagari ma ba ya kai labari in waɗanda ke kewaye da shi kowa kansa ya sani.

Yawancinmu ba za mu taɓa zama na ɗaya a wurin aikinmu ba. Amma kowa na iya zama wanda in aka ba shi saƙo zai isar yadda aka ba shi, in aka yi nasara bai ƙwace yabo ba, in aka canja shugaba bai canja hali ba. Allah Ya jiƙan Waziri Giɗaɗo, Ya ba mu ikon koyi da kyawawan halayensa, amin.